Hedimastan da Ya Ɗaukar Mana Fartanya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba 12 ga Yuli, 1978, bayan sallar la'asar, labari ya iso mana daga Kazaure cewa Allah Ya karɓi ran Malam Dunoma, hedimastan firamaren ƙauyenmu a ƙasar Roni. Ni Sama'ilu, malamin aji huɗu, na so in yi shiru, don na gaji. Amma shiru ba zai biya hakkinka ba, Malam.

Ka riƙe makarantar nan a lokacin da riƙe malami ya fi ɗebo ruwa da kwando wuya. Da aka buɗe ilimi kyauta yara suka cika azuzuwa har gindin tsamiya, mu kuwa kowa idonsa na kan hanyar Kano, inda aka ce masaƙu na ɗaukar duk mai iya rubuta sunansa. Idan damina ta faɗi sai abin ya ƙara lalacewa, domin malamin ƙauye manomi ne, ciyawa kuma ba ta jiran a tashi daga makaranta.

Ina tuna ranar da sufeto ya zo babu sanarwa, Malam Hamma mai aji biyu yana gona. Sufeton ya tarar da kai a ajin Hamma, alli har gemu. Da ya tambayi ina malamin ajin sai ka ce, "Ranka ya daɗe, yau ni ne." Mun zaci da yamma Hamma zai sha faɗa. Sai ka hau kekenka, ka same shi a gona, ka tuɓe riga ka kama kunya ɗaya kusa da tasa. Hamma ya ce da ka zage shi da ya fi masa sauƙi.

Daga nan ka kafa mana gayya. Kowace Asabar malamai duka mu taru a gonar mutum ɗaya, bisa sharaɗin kada a ga kujerar kowa babu kowa ranar karatu. Malama Dela ba ta noma, amma ita ke dama mana fura, tana mitar cewa mun fi ƙoƙari a kan ƙwarya. Gonarka kullum ita ce ta ƙarshe. Geronka ya sha ciyawa shekara da shekaru, har manoman gari suna yi maka dariya, kana taya su.

Ba na cewa ba ka da zafi. Duk wanda ya makara ya san kallonka. Sai dai ba ka taɓa yi wa malami tsawa gaban ɗalibansa ba, kuma ko yaron da ya fito daga horon malanta na wata shida Malam kake kiransa.

Yanzu ga inda muke. Hamma ya tafi Kano bayan sadakar bakwai. Wanda aka turo ya riƙe makarantar yana tsayawa bakin ƙofa da agogo a hannu; ban zarge shi ba, haka aka koya masa. Ni ma yayana ya daɗe da samar mini gurbi a masaƙa. Duk lokacin da na kawo maka zancen sai ka ce, "Malam Sama'ilu, bari dai a yi maimai a gona tukuna." Da wannan maimai ka riƙe ni shekara uku, ina sane, ina kuma yarda. Zan ƙarasa zangon nan saboda yaran. Abin da zai biyo baya ban sani ba, kuma ba zan yi wa mamaci ƙarya ba.

Ina miƙa ta'aziyya ga mai ɗakinka Ya Kura, da 'yarka Amna da ƙannenta, da dukkan dangi. Allah Ya jiƙanka, Ya yafe kurakuranka, Ya sa Aljanna ce makomarka, Ya albarkaci bayanka. Mu da muka rage kuma, Allah Ya kawo mana shugaban da zai roƙe mu mu zauna, don mai ba da umarni ba a rasa shi. Amin.