Ranar da Alamar Waifai ta Ɓace

Ban iya kwamfuta ba, haddace ta na yi. Da ƙungiyar manoman Kademi ke neman mai tura sunayen manoma ta intanet, na ce na iya, don gonata ta daina ciyar da mu. Aji uku na sakandare na tsaya. Abin da na sani shi ne in kunna waifai a wayata, in taɓa wata 'yar alama mai kamar mafici a gefen laftof, in tura.

Wata Laraba laftof ta nemi afdet, wato a sabunta manhajarta. Na danna don ta rabu da ni. Ta mutu, ta tashi, babu maficin. Kuma ranar ake rufe karɓar sunayen masu samun iri, da la'asar.

Na kashe na kunna ya fi sau goma. Na cire batir na hura. Idan sunayen nan ba su tafi ba, shugaban ƙungiya zai tambaye ni dalili a gaban jama'a, ni kuwa ko sunan abin da ya lalace ban sani ba. Daga nan sai a kawo wani.

Na hau babur zuwa Gaya. Mai gyaran da na sani ɗaya ne, wanda muka zauna benci ɗaya da shi a makaranta, shi ya ƙarasa karatun.

"A'a, injiniyan Kademi! Yau kai ne a shagona?"

"Malam, duba min. Waifai ya tafi."

Ya danna nan da can. "Afdet ya cinye direban, wato ɗan abin da ke sa ta ga waifai. Sai an sauko da wani daga intanet."

"To ai intanet ɗin ne babu."

Ya yi dariya, ya haɗa wayarsa da laftof da igiyar caji. Muka zuba wa layin da ke nuna saukar direban ido yana jan ciki. Ya tsaya a rabi, sabis ya ɗauke. Aka kira azahar, na yi salla ban san me na karanta ba. Sai a gwaji na uku layin ya cika, alamar ta dawo.

Ya turo min laftof. "Bismilla, tura."

Afdet ɗin ya sauya wa komai wuri. Na riƙe yatsa a sama, na rasa inda zan sa shi. Ya dube ni, ya ja ta gabansa, ya tura da kansa.

Bai gaya wa kowa ba, har yau ina kan aikin. Amma duk ranar kasuwa sai na biya na gaishe shi, ina duban bakinsa ko zai tona ni.