Hoton Inna a Bangon Baba

Tun ina saurayi nake tara tsofaffin hotuna: na Ka'aba da alhazai suka riƙa dawowa da su, kalandun da shekarunsu suka wuce, har da allon wani wanzami mai zanen kawuna huɗu. Mutanen Ƙanƙara suna yi mini dariya, wai na mayar da ɗakina bola. Ko a jikina. Na ma ƙware wajen cire hoto daga bango: a jiƙa tsumma, a dafa a kai, a jira ƙaro ya saki.

Hoton da na fi so kuwa ba nawa ba ne. Inna, mahaifiyata, ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba. Wani mai zanen motoci da ya sauka gidanmu a ƙauye, can bayan Pauwa, shi ya zana ta a kwali tana tankaɗe, ba ta sani ba. Bayan rasuwarta Baba ya liƙa shi da ƙaro a bangon ɗakinsa. Duk sanda na roƙa sai ya ce, "Kai da tarkacenka! Bar mani ita nan."

Da 'yan bindiga suka tashi ƙauyen, Baba ya iso wurina daga shi sai buta. Bai yi maganar hatsi ba, bai yi ta shanu ba. Kwana uku yana kallon bangona, sannan ya ce, "Tunda kai ka iya, tafi ka ɗauko mani ita."

Na tafi da hantsi. An ƙone rumbu, an cire ƙofofi, amma tana nan a bango tana tankaɗenta. Cikin sauri na jiƙa tsumma na dafa, kamar yadda na saba. Na manta wannan ba bugun inji ba ne. Da shuni da galura mutumin ya yi shi. Da na ɗaga tsumman, fuskar Inna ta biyo shi. Rariya da hannu ɗaya suka rage.

Na tsani kaina da gwanintata. Na yi wurgi da tsumman, na ɓamɓaro sauran da wuƙa.

Baba ya karɓi kwalin, ya daɗe yana dubawa. Idonsa ya yi rauni, har na sa rai ba zai gane ba.

"Hannunta ne," ya ce. "Ina tsumman?"

A can na baro shi, a ƙasa.