Malamar Aji Uku Ba Barci Take Yi Ba

An haska fuskar malamar aji uku a jikin farin ƙyalle, a gaban iyayen yara da manyan baƙi, aka nuna wa duniya wai barci take yi a aji. Ba barci take yi ba. Shugaban makarantar ya san haka, malamai sun sani, yaran da ke zaune a gabanta ranar sun fi kowa sani. Duk da haka an cire ta daga ajin, an damƙa mata makullin ɗakin ajiya. Tana can yanzu, tsakanin karyayyun kujeru da tsintsiyoyi.

Yara suna kiranta Malama Maimaita, don kalmar da ta fi fita daga bakinta ke nan. Mahaifinta mai gyaran rediyo ne, shagonsa bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba. In aka kawo masa rediyo mai shaƙewa, ba ya fara kwance shi. Sai ya kunna, ya kara kunne, ya rufe ido, ya yi shiru har mai rediyon ya fara gyaran murya don ya ga ko mutumin nan yana raye. Ita ce babbar 'yarsa, ita ke kawo masa abincin rana, ta zauna a kan tsohon akwatin batir tana kwaikwayonsa. Yakan ce mata, "Ido surutu gare shi, uwata. In kina son ki ji abu, ki sa shi ya yi shiru."

Da ta gama karatun malanta aka ba ta aji uku, ba ta kuma bar shi ba. Ta auri tela, ta haifi uku, ta aurar da biyu, duk tana aji uku. Waɗanda suka shigo bayanta sun zama mataimakan shugaba, wasu sun koma ofis mai fanka. Ita ba ta taɓa nema ba. Ta ce aji uku ne inda yaro ke kama karatu ko ya sake shi har abada, gara ta tsaya a bakin ramin.

Ga yadda take yi. Sai ta kira yaro ya tsaya gefen teburinta da littafinsa. Ta tallafe haɓa da hannun hagu, ta rufe ido, kanta yana ɗan sunkuyawa da kowace kalma kamar mai bin kiɗa. In yaron ya tsallake harafi ko ya haɗiye ƙarshen kalma, ba ta buɗe ido ba za ta ce, "Maimaita." Ta daɗe da lura cewa yaro mai tsoro, in ka zuba masa ido sai harshensa ya harɗe, in ka kau da ido sai ya sake. Ko a gida haka take. Telan yakan ce, "Ke kam ko faɗa nake miki sai ki rufe ido, ban san ko ji kike ko kin yi nisa ba." Ta ce, "Ji nake. Shi ya sa nake kama ka in ka sauya zance."

A farkon zangon karatu shugaban makarantar ya tara malamai, ya ce wata ƙungiya za ta kawo ƙwararrun masu shirya fim su koya wa yara sana'ar, su rubuta labari da kansu, su ɗauka da kansu. Wasu malaman suka taɓe baki. Ita ba ta taɓe ba. Ta ce duk abin da zai sa yaro ya rubuta jimla da son ransa, ya shigo.

Su uku suka zo. Darakta, matashi mai yawan cewa "madalla" ko an taka masa ƙafa. Mai kyamara, dogo, ba ya magana sai da gira. Sai mai ɗaukar sauti, wanda ke yawo da doguwar sanda da wani abu mai gashi a bakinta, yara suka sa masa suna Mai Kyanwa. Gaskiya ɗaya ce, sun yi aiki. Yaran da sai an bi su da bulala suke shiga aji suka koma zuwa tun ba a buɗe ƙofa ba. Suka rubuta labarin wani takalmi da ya ɓata, suka yi gardama a kan wa zai fito a ɓarawo, kowa yana so. Malama ta zauna da su tana gyara musu rubutu. Ta ba Darakta teburinta ya ɗora kayansa, ta riƙa zuwa musu da ruwan sanyi daga gida a cikin kula.

Wata safiya mai kyamara ya leƙo shi kaɗai. Mai Kyanwa yana can aji biyar tare da Darakta.

"Mama, ki ci gaba da aikinki kamar ba na nan. 'Yan hotunan cike gurbi ne kawai."

"To ɗan nan, kada dai ka taka mini jakar yara."

Ta ci gaba. A gefenta akwai wata yarinya mai in'ina, wadda ta shafe rabin shekara ba ta yarda ta karanta a gaban kowa ba. Ranar ta yarda. Malama ta tallafe haɓa, ta rufe ido, tana bin ta kalma bayan kalma, tana tsoron ko numfashi ta yi da ƙarfi yarinyar ta tsaya. Ba ta san lokacin da mai kyamara ya matso ba, ba ta san lokacin da ya fita ba.

Ƙarshen zango aka yi taron nuna fim a babban ɗakin makaranta. Aka rufe tagogi da barguna, aka jera kujeru, manyan ƙungiyar suka zauna a gaba. Malama ta sa sabon ɗinkin da telan ya yi mata, ta zo tare da telan da autarsu. Kafin fim ɗin yara, aka ce za a fara nuna ɗan gajeren fim da ƙwararrun suka haɗa a kan aikin nasu.

Ya fara babu launi, fari da baƙi, da wani kiɗa mai sanyi kamar na ta'aziyya. Aka nuna bango mai tsaga. Aka nuna agogon aji. Wata murya ta ce, "Haka azuzuwanmu suke kafin mu zo." Sai ga fuskarta ta cika ƙyallen, haɓa a hannu, ido a rufe, kai yana sunkuyawa yana ɗagowa. An yanke yarinyar da ke karatu, ko gefen rigarta babu. An kuma rage gudun hoton, yadda kan ke sauka a hankali kamar na mai gyangyaɗi bayan ya ƙoshi.

Wani ya fara dariya daga baya, sai ɗakin ya ɗauka. Daga nan launi ya shigo, kiɗa ya sauya, ga yara suna gudu da kyamara suna murna.

Malama ba ta ji komai a ranta ba. Ta kalli ƙyallen har aka gama, ta tafa inda aka tafa. Ta lura an ɗaura bargon taga ɗaya a karkace, haske yana shigowa ta gefe, ta yi ta tunanin wa ya ɗaura shi haka. Telan ya sunkuyar da kai yana murza hularsa. Autar ta tashi ta fita. Da aka zo fim ɗin takalmi, yaran ajinta suna ta waiwayowa su ga ko ta ji daɗi, ta yi musu murmushi, don ta san shi suke jira.

Kafin sati ya zagayo guntun hoton ya shiga wayoyi. Mai shagon bakin titi ya ce mata da azahar, "Malama, an tashi lafiya?" Ta ce, "Lafiya lau," ta karɓi sabulunta. Wani ya kawo wa telan ɗinki, ya ce ko za a haɗa wa Malama matashin kai da ragowar yadin. Telan ya mayar masa da yadinsa. Yarinyar mai in'ina ta gaya wa babanta cewa karatunta Malama take saurara, ya ce ta yi masa shiru, manya na magana.

Da aka dawo daga hutu sai iyaye suka fara zuwa ofishin shugaba. Ya kira ta, ya ba ta kujera, abin da bai saba ba.

"Malama, ni na san ba barci kike ba. Ɗana ma a hannunki ya iya karatu."

"To."

"Amma kin san mutane. Gani ya kori ji. Manyan ƙungiyar ma sun tambaya wane mataki muka ɗauka, kuma akwai maganar su dawo baɗi. Ki ɗan riƙe mana ɗakin ajiya kafin ƙura ta lafa."

Ta dubi makullin a kan tebur. An ɗaure shi da wani jan zare da ya yi baƙi don datti. Ta ɗauka, ta ce, "Wa zai karɓi ajin?" Ya ce wata sabuwa ce. Ta ce a gaya mata akwai yarinya mai in'ina a layin taga da ba a kallonta in tana karatu. Ya ce to, yana duba wayarsa.

Ƙanwarta, wadda ke aikin jinya, ita ce ta ƙi yarda. Ta zo gidan da kayan aiki a jikinta, ta ce, "Yaya, tashi. Ba za ki zauna kamar an yi miki allurar kashe zafi ba." Malama ta tashi, don tashin ya fi gardamar sauƙi.

Ofishin masu fim ɗaki biyu ne a saman wani shagon taya. Darakta ya tarbe su da fara'a, ya ce madalla, ya aika a kawo lemo. Da ya ji abin da ya kawo su sai ya kai su ɗakin ciki, wurin wani mai kumburarrun ido da ke zaune gaban allon kwamfuta biyu. Shi ne mai tace hoto, mai yankawa da haɗawa. Bai taɓa taka makarantar ba.

Ƙanwar ta ce, "Kai ne ka kwantar da yayata barci?"

Ya ce, "Hajiya, ni abin da aka zuba mini nake aiki da shi. Irin wannan fim ɗin dole a nuna yadda ake da, sannan a nuna yadda aka koma. Na nemi hoton da, wannan ne ya fi dacewa."

"To kunna mana da muryarsa. A ji yarinyar tana karatu, a ji yayata tana gyara mata."

Ya nemo hoton, ya kunna. Ga ta nan, da launi wannan karon, ga hannun yarinyar riƙe da littafi a gefe. Leɓen Malama ya motsa sau ɗaya. Babu ko ƙwaƙƙwaran motsi da ya fito daga lasifika.

Darakta ya sosa ƙeya. "Hoton cike gurbi ba ma ɗaukarsa da sauti, Mama. Kiɗa ake ɗora masa. Haka aikin yake ko'ina."

"Kai kuma da ka sha ruwan kularta zango guda, ba ka kalli fim ɗin ba kafin a nuna?"

"Na kalla. Wallahi ban ɗauke shi da zafi ba. Ai ba ita muke nufi ba, tsarin koyarwa muke nufi."

"Tsarin ne ya sa sabon ɗinki ya zauna a ɗakin ranar?"

Darakta ya ce za su iya dusashe fuskar a kwafin da za su aika wa ƙungiya. Ƙanwar ta ce sai ya bi wayoyin unguwa ɗaya bayan ɗaya ya dusashe. Malama tana kallon kanta a allon, an tsayar da ita ido a rufe. Ta ga kallabinta ya ɗan zame ranar, ba wanda ya gaya mata. Da suka sauko ta ce wa ƙanwar lemon bai yi sanyi ba. Ƙanwar ta dube ta.

Kullum da safe takan buɗe ɗakin ajiya, ta ba masu shara tsintsiya, ta miƙa wa malamai alli, ta zauna a kan benci mai ƙafa uku da aka tokare da bulo. Ba ta kuka, ba ta ƙorafi. Telan ya ce da ma ta yi faɗa, ko kwano ta fasa, da ya san da wa yake zaune. Bangon ɗakin ɗaya ne da na aji uku. Tana jin yara suna karatu gaba ɗaya da ƙarfi, masu iyawa suna jan marasa iyawa, ba a gane wa ya tsallake me. Muryar yarinyar layin taga ba ta cikinsu. Malama takan zauna ido buɗe, tana kallon ƙofa, don duk wanda ya wuce sai ya leƙo ya ga ko ta rufe idon.

To, ku masu fim, ba a ce ku daina zuwa makarantu ba, yara sun ƙaru da ku. Amma a gaban jama'a kuka kayar da matar nan, a gaban jama'a za ku ɗaga ta. Tunda kun ce babu murya a hoton, ku kuna da baki. Ku dawo ɗakin nan, a tara iyayen da aka tara, da manyan da suka zauna a gaba. Ku nuna hoton yadda aka ɗauke shi, da hannun yarinyar da littafinta, Darakta ya miƙe tsaye ya ce, "Mu muka yanke, mu muka rage gudu, matar nan aiki take yi." Kai kuma shugaban makaranta, da ka ce ka sani, ka faɗa a inda za a ji ka. Ka karɓi makullinka, ka mayar mata da ajinta kafin zangon nan ya ƙare.