Jan Da Ya Sauka Kan Rijiyar Yaya

Bangon da ke tsakanin ɗakina da nata bai fi tafin hannu kauri ba, don haka ranar da yayanta ya zo har hucinsa na ji.

"Auta, ki goge layinmu daga wannan abin naki."

"Yaya, ba ni na shafa jan ba. Lissafi ne."

"Shi lissafin da hannun wa ake buga shi? Na aljani?"

Mu a gidan haya Mai Taswira muke ce mata. Mace ce marar hayaniya, mai tafasa ko ruwan kurkure baki. Aikinta a ofishin lafiya shi ne kwaso bayanan da aka baza a intanet kowa ya ɗiba: yawan ruwan sama, kwatocin da ke ambaliya, masu amai da gudawa da asibitoci suka kwantar. Sai ta zuba su a kwamfuta, kwamfuta ta zana taswira, ta shafa ja inda cutar za ta fi saurin ɓulla. A daminar bana ja ya sauka daidai kan layin da aka haife ta, inda yayanta ke sayar da ruwan rijiyar gidan mahaifinsu. Da rijiyar yake ciyar da 'ya'yansa da tsohuwarsu, kuma idan rahoton ya shiga, rufe ta za a yi.

Ta bangon nan na san cewa da aka zo rabon gado, yaya ya riƙe gida da rijiya, ita aka ce kuɗin karatunta ne rabonta. Ban ce ta ƙara ko ɗigon ja ba. Amma wata unguwar ma ta yi ja, sai da ta daɗe tana sake duba lissafin kafin ta kai ofis. Na layinsu kuwa washegari ta miƙa. Ko tsoron abin da 'ya'yan yayan ke sha ne ya sa ta gaggawa, ko tsohon miki ne ya motsa, ina jin ita ma ba ta yarda ta tambayi kanta ba.

Aka zo aka ɗora wa rijiyar murfin ƙarfe da kwaɗo. Damina ta wuce, ko mutum ɗaya bai kwanta a layin ba. Ofis suka ce rufewar ce ta yi aiki. Unguwa suka ce dama ƙalau suke, 'yar gida ce ta kashe wa yayanta sana'a. Babu kwamfutar da za ta raba wannan gardama. Yaya ya koma dako a kasuwa, tsohuwa ta daina ɗaga wayarta.

Jiya da hantsi ta tafi kai wa tsohuwar maganin ƙafa. Ina shanya a tsakar gida ta dawo, ledar na hannunta ba a ko kwance ta ba.

"Ba ki same su ba ne, maƙwabciya?"

"Suna ciki."

Ta jima tana laluben makulli a jaka. Da ta buɗe ƙofa, ba ta waiwayo ba ta ce, "Kin san da an mutu a layin nan, da tuni sun yafe mini."