Hannatu Mai Toshe Hancin Jirgi

Duk wanda ya zauna a Hillat Garba, kudu da Wad Madani, a shekarun da jiragen feshi suka cika saman audugar Jazira, ya san Hannatu mai shayi. Rumfarta na ƙarƙashin bagaruwa, gefen filin saukar jiragen. Doguwa ce marar yawan magana, ɗinkin hannunta kuwa ko tela sai ya sake dubawa.

Mijinta Jibril mai tuta ne. Aikinsa shi ne ya tsaya a ƙarshen gonar auduga da farar tuta, matuƙi ya nufo ta yana sakin magani, ya rufe kafin ya iso kansa. Matuƙin yankin wani hawaja ne, wato Bature, wanda aka raɗa wa Shirwa, don yana son ya yi ƙasa ƙasa har mai tuta ya kwanta cikin laka, shi ko ya wuce yana dariya. Wata safiya Jibril ya ƙi kwanciya, Shirwa kuma ya ƙi rufe maganin. Jibril ya dawo jiƙe sharkaf, ya yi wanka a tur'a, magudanar ban ruwa. Kafin la'asar ya fara amai, ya cika a bayan lori a hanyar Madani.

Aka zauna makoki. Har Larabawan ƙauyukan gefe sun zo, sun ɗaga hannu an yi fatiha. Shirwa bai tako ba, sai direban kamfani ne ya kawo buhun sukari. Hannatu ta jingine shi bayan ƙofa, ba ta kwance bakinsa ba. Abin da take so guda ne, mutumin nan ya shigo gidanta ya ɗaga wa Jibril hannu.

Da feshi ya zagayo, ta fita takaba, ta koma rumfarta. Wata rana Mahmud makanike, Bahaushen Sinnar, abokin marigayi, ya zauna shan shayi yana tsaki.

Ya ce, "Yaya, gwarare sun ishe ni. Jirgi na tsayawa sun shige hancinsa suna sheƙa."

"Sun ga ɗakin hawaja ya fi bagaruwata inuwa."

"Ba abin dariya ba ne. Shi wannan ba ya shan ruwa kamar lori, iska kaɗai ke sanyaya shi. Ta ramukan nan biyu na bayan farfela take shiga, ta ratsa haƙarƙarin injin, ta fita ta ƙasa. In hanyarta ta toshe, ga rana ga nauyin magani, sai ya dahu a sama. Ki ɗinka mani matashi biyu na toshewa, jajaye masu doguwar jela, kar a manta su a ciki."

Ta ɗinka. Tun Mahmud na sa su da kansa har ya bar mata, don da jirgi ya sauka da hantsi maza kan taru kan kwanon fatur, kalacin siririyar gurasar kisira da wake, ita ce ke tsaye.

A ɓoye ta ɗinka na uku daga tsohuwar rigar Jibril mai baƙin rini. Wannan ba ta yi masa jela ba. Ta jira ranar da iska ta tsaya cik, ƙasa na turiri. Da maza suka duƙa kan abinci, ta tura baƙin can ciki iya tsawon hannunta, ƙarfe ya ƙona mata gwiwar hannu, ba ta ko motsa baki ba. Ta rufe ramin da jan matashi. Aka gama ci, Mahmud ya zare jajaye biyu, Shirwa ya tashi.

Bai yi nisa da aiki ba ƙarar jirgin ta sake, hayaƙi ya biyo bayansa. Sai ya juyo ya nufi tur'a, inda matan gari ke wanki. Jirgin ya wuce kansu da ƙyar, ya faɗa gonar dawa, ya kifa da hanci.

An zaro Shirwa da rai, cinyarsa a karye. Gidan Hannatu ne mafi kusa. Ita da kanta ta ce a fito da angarib, gadon igiyar da aka ɗauki gawar Jibril a kai. A kansa aka shigo da hawaja tsakar gidanta, yana nishi yana neman ruwa.

Tana hura gawayi Mahmud ya shigo, ya tsuguna gefenta, ya buɗe tafinsa. Guntun baƙin ƙyalle ne, rabi a ƙone.

Ya ce a hankali, "Yaya, na san ɗinkin nan. Da kan matan tur'a ya faɗa fa? Lami ɗiyar ƙanwarki na cikinsu."

Ya jefa ƙyallen cikin wuta.

Ta kwance buhun nan na bayan ƙofa. Sukarin ya daskare kamar dutse, sai da ta sa taɓarya. Ta haɗa shayi, ta tsaya kan hawaja da kofi, ba ta miƙa ba.

"Mahmud, faɗa mashi nan gidan Jibril ne, mai tuta. Ba a shan komai nan sai an yi mashi fatiha."

Mahmud ya faɗa. Shirwa ya dubi mazan da suka ɗauko shi, duk sun ɗaga hannu suna jira. Ya daɗe yana kallon kofin, sannan ya ɗaga hannuwansa, ƙura da jini a tafukan. Sai da aka shafa ta ba shi.

Kamfani ya ce sakacin makanike ne, aka kori Mahmud. Bai ambaci kowa ba. Ya koma Damazin gyaran tarakta, kuma har Hannatu ta rasu bara, ko sallahu bai aiko mata ba. Masu wankanta sun ga tabon ƙuna a gwiwar hannunta ta dama, suka ce na tukunyar shayi ne.