Ranar da Na Tashi Mayar wa Masu Lemo Robobinsu

A ƙauyenmu, kusa da Daudawa, da rani ake kwashe juji a kai gona ya zama taki. Haka kakanni suka yi, masara ba ta taɓa ƙorafi ba. Amma shekarun da ake cewa man fetur ya yi daraja, kowa ya sayi babur, kowane suna sai an raba lemo, jujin ma ya canza. Da ruwan farko ya wanke takin, sai gonar Baba ta tsiro da robobi. Wallahi ka ce su muka shuka.

Garmar shanu ba ta shiri da roba, don haka aka sa ni tsinta. Kwana shida ina duƙe, har na koma tafiya irin ta kakata. Na cika buhunan taki goma sha ɗaya. Na gwada ƙona kaɗan, hayaƙin ya sa Inna tari har la'asar. Sai na tuna masu kayan suna nan. Duk ranar kasuwa motar kamfanin lemo takan tsaya bakin titi, ta sauke cikakku ta koma wayam. Na ce to, wannan karon da kaya za ta koma.

Ranar kasuwar da ta zagayo, Baba ya tafi ta'aziyya Mairuwa. Na ɗaura wa shanunmu biyu amalanke, ja da fari, ban tambayi kowa ba. Su kaɗai gare mu, kuma saura kwana biyu huɗa. Na ɗaure buhunan yadda ake ɗaure na masara, igiya ɗaya a gicciye. Masara takan zauna inda aka ajiye ta saboda nauyi. Roba ba ta da wannan kunyar.

A gangaren rafi buhu ɗaya ya sulluɓo, tayar amalanke ta bi ta kansa. Ƙarar kamar an harba bindiga ɗari lokaci guda. Jan san, wanda ko jaki ya yi atishawa sai ya firgita, ya zabura ya ja ɗan'uwansa. Ina jan igiyar hanci, ina salati, ina roƙonsu kamar surukaina, robobi suna ta tashi a bayanmu. Ba mu tsaya ba sai da jan ya zurma ƙafa cikin rami ya durƙusa.

Ya miƙe, amma ƙafar gaba ba ta taɓa ƙasa. Sa in ya karye kuwa, wuƙa ce makomarsa, ko yaro ya sani. Na fara tunanin garin gudu: Kankara ta yi kusa, a Sabuwa kuma akwai ƙanin Baba, shi da kansa zai dawo da ni.

Masu zuwa kasuwa suka taru, wani ya hau keke ya ɗauko tsohon da ke yi wa dabbobi ɗori. Kafin su iso, labari ya riski Baba a hanya. Ya sauka daga babur, bai ko dube ni ba. Da ma ya mare ni, da na ji sauƙi. Tsohon ya durƙusa yana laluba ƙafar a hankali.

"Malam, ba karaya ba ce, targaɗe ne," in ji shi. "Amma bana ka cire shi daga huɗar farko."

Sai a nan Baba ya tambayi inda na nufa da shara a amalanke. Na faɗa masa. Sai ya ce in tsince robobin duka, ranar kasuwa mai zuwa shi zai yi wa direban motar lemon magana, ni in ɗauko buhunan a ka. Huɗa kuma da garmar hannu za a yi, ni ne a gaba.

Kullum kafin in tafi gona sai na kai wa jan dusa, in tsaya ina kallon ƙafar. A kwana na tara ya ajiye ta ƙasa, ya taka sau biyu, ya ture ni da kai ya nufi kwano.