Makuba a Kan Gara

Kafin in zama abin nuni, ni mutumin kirki ne a Gumel, ko kuwa dai haka ake zato. Na yi elementare, na iya lissafi, shi ya sa wani attajiri mazaunin Maigatari ya naɗa ni wakilin gidansa na haya, in karɓi haya, in lura da gyara.

A soron ƙofa akwai wani tela, Malam Habu. Da bazara ya kira ni, ya ƙwanƙwasa azarar rufi da almakashi, sai gari ya zubo masa a hula.

"Wakili, gara ta gama da azarar nan. Ko a sake ta, ko a rage mini haya in sake da kaina."

Na kai wa maigida kukan. Mutumin kirki, ya yarda da duka biyun. Na dawo na ce wa Habu, "Alhaji ya ce daminar bana ba mai ƙarfi ba ce."

Ya ce, "Ashe Alhaji ya fara duba?"

Muka yi dariya. Ragin da kuɗin azara suka shige aljihuna. Na sayi makuba, irin wadda ake shafe gini da ita, aka shafe rufin har yana sheƙi, don mai wucewa ya ga an yi aiki.

Tun daga nan na rasa sukuni. Maigida na zuwa, sai in tare shi a waje kada ya gamu da tela. Aka fita roƙon ruwa, duk sahun ni kaɗai ne ban ce amin ba.

Ruwa bai nemi shawarata ba. Rana tsaka rufin ya rufta, ya karya wa Habu ƙafar da yake taka keken ɗinki da ita. Alƙali ya zaunar da maigida da tela wuri ɗaya, shari'a ta ƙare kafin in buɗe baki.

A gidan yari aikin yaɓe aka ba ni, gandiroba na bin bango yana ƙwanƙwasawa da kulki. Ban taɓa yin gyara na gaskiya ba sai a katangar da ta tsare ni.

Da na fito na je neman gafara. Na tarar da Habu a rumfa yana ɗinkin hula da allura, ya sayar da keken. Ya ce, "Na yafe, Wakili. Matsa, ka tare mini haske."

Samari, in an ba ku amanar gyara, ku gyara, kada ku shafe. Na tuba, Allah Ya karɓa. Amma har yau hadari na tasowa, kowa sama yake kallo, ni ƙafar Habu nake gani.